Ba Kowace Karkarwar Zuciya Ce Maganinta Ɗaya Ba

 

Ya 'yan uwana matasa, mun saba idan aka ambaci zuciya sai hankalinmu ya tafi ga cututtukanta na ɓoye, irin su hassada da riya da girman kai. Yau kam tsokar da kanta nake son mu duba, wannan da take bugawa kusan sau 100,000 a kowace rana ba tare da ta nemi izininmu ba.

Abin da ya sa na ɗauko batun shi ne wani sauyi da ya shigo gidajenmu a hankali. A da idan likita ya rubuta magani, takardar kawai ake kaiwa kemis a karɓo. Yanzu kuwa kafin a bar harabar asibiti, ɗan gidan da ya fi kowa iya latsa waya ya riga ya shigar da sunan maganin cikin Google, kuma abin da ya karanto shi zai zama fatawar gidan. Ni ba na ƙyamar wannan, domin neman sani alheri ne, kuma da yawa daga iyayenmu ba su da mai tsaya musu sai mu. To amma akwai wata larura da wannan ɗabi'a za ta iya yi wa mummunar ɓarna, saboda mafi yawan abin da aka rubuta a kanta a intanet an rubuta shi ne domin wani majinyaci da bai yi kama da namu ba. Ina nufin karkarwar zuciya idan ta haɗu da lalacewar ƙofar zuciya. Ga matsayina tun kafin in kawo hujja: duk wanda likita ya ɗora a kan wafarin saboda ƙofar zuciyarsa ta tsuke, ko saboda an sanya masa ƙofar ƙarfe, kada wani ya canja masa shi da sabon magani don kawai ya karanta cewa sabon ya fi. Haka nan duk wanda aka ce bugun zuciyarsa ya rikice, haƙƙinsa ne a duba ƙofofin zuciyarsa kafin a zaɓa masa magani.

Zuciya gida ce mai ɗakuna 4, biyu a sama biyu a ƙasa, da ƙofofi 4 waɗanda ƙyaurensu ke buɗewa ta fuska ɗaya tak, kamar bawul ɗin tayar keke, iska ta shiga ba ta dawowa. Jinin da ya sha iska a huhu yana sauka ne a ɗakin sama na hagu, ya bi ta wata ƙofa mai ƙyaure biyu da likitoci ke kira mitiral, ya faɗa ɗakin ƙasa na hagu, shi kuma ya tunkuɗa shi ta babbar jijiya zuwa kai da sauran jiki. Faɗin wannan ƙofa a lafiyayyen baligi yakan kai murabba'in santimita 4 zuwa 6. Idan cuta ta ci ta, sai leɓɓan ƙyauren su yi kauri su manne da juna, har faɗin ya koma 1.5 ko ƙasa da haka, a nan ne ake cewa tsukewar ta yi tsanani. Mai karatu ya ƙaddara an sallame sallar Juma'a, an tarar duk ƙofofin masallaci a kulle sai wata 'yar ƙarama guda. Haka jini ke cunkushewa a ɗakin sama, ɗakin ya yi ta buɗewa kamar salka, matsin ya koma har cikin huhu. Daga nan sai haki idan an hau bene ko an ɗebo ruwa, sai kasa kwanciya in ba an jera matasan kai ba, wani lokaci har da tarin jini, abin da ke sa a yi ta ba mutum maganin asma ko a zarge shi da tarin fuka.

Ita kuma karkarwar zuciya, wadda za ka ga an taƙaita ta da haruffan AF a katin asibiti, matsala ce ta lantarkin zuciya. A ƙa'ida akwai wani ɗan gurbi a ɗakin sama na dama wanda shi kaɗai ke ba da umarnin kowane bugu, sau 60 zuwa 100 a minti idan mutum na hutawa. Idan bangon ɗakin sama ya miƙe ya yi tabo, sai umarni ya riƙa tasowa daga ko'ina, sau ɗaruruwa a minti guda, ɗakunan sama su daina matsewa sai makyarkyata. Ɗakunan ƙasa kuwa wasu daga cikin kiraye-kirayen kawai suke amsawa, ba bisa tsari ba. Shi ya sa idan ka ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannun mai wannan larura za ka ji bugun ba shi da kan gado: biyu a jere da sauri, sai shiru, sai ɗaya mai ƙarfi, sai raunana guda uku.

Haɗuwar waɗannan biyun ita ce musibar. Jinin da ba ya gudu daskarewa yake yi, kuma babu inda jini ke kwanciya kamar ɗakin da ya kumbura, ƙofarsa ta tsuke, bangonsa kuma ya daina matsewa. Gudan jini ya haɗu a can, wata rana ya ɓalle ya bi babbar jijiya ya toshe wata hanya a ƙwaƙwalwa, sai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Tun a 1978 binciken garin Framingham na Amurka ya nuna cewa karkarwar zuciya ita kaɗai tana ninka haɗarin shanyewar jiki fiye da sau 5, idan kuwa ta haɗu da ƙofar da zazzaɓin gaɓoɓi ya lalata, haɗarin yakan ninka kusan sau 17.

To su wane ne masu wannan haɗin? A Amurka da Turai karkarwar zuciya ciwon tsufa ce, ta mai shekara 70 da ya daɗe da hawan jini ko ciwon suga ko ƙiba, kuma galibi ƙofarsa ta mitiral ba ta tsuke ba. Mu ma muna da irin wannan dattijo, hawan jini ya yi mana yawa. Sai dai muna da wata majinyaciyar da su can suka kusa mantawa da ita, wato matashiyar da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya bar wa tabo a zuciya. Wani bincike mai suna REMEDY, wanda likitocin Jami'ar Cape Town suka jagoranta aka wallafa a 2015, ya tattara bayanan masu wannan ciwo 3,343 a asibitoci 25 na ƙasashen Afirka 12, har da Najeriya, da kuma Indiya da Yaman. Rabinsu ba su wuce shekara 28 ba. Biyu cikin kowane uku mata ne. Kusan kashi 22 cikin 100 suna da karkarwar zuciya. Da aka bi sawunsu shekara 2, sai aka tarar kusan kashi 17 cikin 100 sun rasu, kuma rabin waɗanda suka rasu ba su kai shekara 29 ba. Sa'o'inmu ne, ɗan uwa, 'yan ajinmu ne da ƙannenmu da matan da muke aura. A duniya baki ɗaya an ƙiyasta masu wannan ciwo sun kai miliyan 40 a 2019, yana kuma kashe sama da 300,000 a shekara.

Yanzu mu zo kan magani, inda rigimar take. Wafarin tsohon magani ne, kuma tarihinsa ba ya taimaka masa wajen farin jini. A shekarun 1920 shanu sun yi ta mutuwa da zubar jini a arewacin Amurka da Kanada bayan sun ci wata harawa da ta ruɓe. Wani masani mai suna Karl Paul Link da ɗalibansa a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke haddasa hakan, daga nan aka ƙera wafarin, aka fara sayar da shi a 1948 a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka amince a ba mutane. Shugaban Amurka Eisenhower na cikin waɗanda suka sha shi da wuri, bayan ciwon zuciyar da ya same shi a 1955. Saboda haka wanda ya ce maka maganin ɓera ne bai yi ƙarya ba, ya dai faɗi rabin labari ne. Mutane na kiransa maganin tsinka jini, alhali aikinsa shi ne rage wa hanta ƙarfin sarrafa sinadaran daskarar da jini, waɗanda ke buƙatar bitamin K. Wahalarsa a fili take: adadin da ya ishi wani ya yi wa wani yawa, abinci na taɓa shi, wasu magunguna na taɓa shi, kuma dole a riƙa gwajin jini mai suna INR, a tabbatar lambar na tsakanin 2 da 3, ko 2.5 zuwa 3.5 ga mai ƙofar ƙarfe a mitiral. In ta yi ƙasa jini ya daskare, in ta yi sama jini ya ɓalle.

Don haka da sababbin magunguna suka fito, irin su Pradaxa da Xarelto da Eliquis, duniya ta yi murna, kuma ta cancanci ta yi. Ba a buƙatar gwajin INR, adadinsu tsayayye ne, zubar jini a ƙwaƙwalwa ya fi ƙaranci da su. Manyan gwaje-gwaje 4 da aka wallafa tsakanin 2009 da 2013, waɗanda suka haɗa mutane fiye da 70,000, su suka tabbatar musu da wannan matsayi. Wannan shi ne abin da ɗan gida mai waya ke karantowa, kuma gaskiya ne. Abin da ba ya kaiwa gare shi shi ne sharaɗin shiga waɗancan gwaje-gwaje: an cire masu ƙofar ƙarfe, an kuma cire waɗanda ƙofarsu ta mitiral ta tsuke sosai. Wato dai majinyaciyarmu ba ta cikin lissafin tun farko.

Da yawa daga likitoci sun yi fatan a ce sababbin za su yi mata aiki ita ma, domin ita ce ta fi kowa nisa da ɗakin gwaji. Aka shirya gwaji na musamman mai suna INVICTUS a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Kudancin Amurka, aka raba mutane 4,531 masu karkarwar zuciya da tabon zazzaɓin gaɓoɓi gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi a kan sinadarin Xarelto, rabi a kan wafarin da danginsa, aka bi su sama da shekara 3. Sakamakon da ya fito a 2022 ya zo saɓanin abin da aka zata. A ɓangaren sabon magani mutum 552 suka rasu, a ɓangaren tsohon 442. Shanyewar jiki ta toshewar jijiya ma ta fi yawa a ɓangaren sabon, zubar jini mai tsanani kuwa babu wani bambanci na a zo a gani. Masu ƙofar ƙarfe su tun da farko aka san matsayinsu, domin gwajin da aka yi musu da sinadarin Pradaxa dakatar da shi aka yi kafin lokaci saboda yawan shanyewar jiki da zubar jini, aka wallafa hakan a 2013, sannan na sinadarin Eliquis shi ma aka tsayar da shi a 2022 saboda gudajin jini sun yi yawa. An yi wa rogo kallon kitse.

Kada kuma a fahimce ni a karkace. Ba duk mai matsalar ƙofar zuciya ne wannan ya shafa ba. Dattijon da ƙofar babbar jijiyarsa ta taurare saboda shekaru, ko wanda ƙofarsa ke yoyo ba tsukewa ta yi ba, sababbin magungunan sun dace da shi, sau da yawa ma sun fi. Wanda aka sanya wa ƙofar nama shi ma akwai gwajin da aka yi a Birazil aka wallafa a 2020, wanda ya nuna sinadarin Xarelto bai gaza wafarin ba a wurinsa. Kalmar "ciwon ƙofar zuciya" ta yi faɗi da yawa, ba a yanke hukunci da ita. Sai an san wace ƙofa ce, tsukewa ta yi ko yoyo, kuma har zuwa ina. Abin da ke amsa wannan shi ne hoton zuciya na amsa-kuwwa, wanda ake kira eko, irin dai na'urar da ake duba juna biyu da ita. Gwajin lantarki da ake manna wayoyi a ƙirji yana nuna karkarwar, amma ba ya nuna ƙofa. Shi ya sa nake ganin ganganci ne a ɗora ɗan ƙasarmu mai shekara 35 a kan maganin hana daskarewar jini na tsawon rai ba tare da an yi masa eko ko sau ɗaya ba, kuma wannan wuri ne da ya dace matashi mai rakiya ya buɗe baki cikin ladabi ya tambaya. Asfirin kuma, da wasu ke komawa gare shi don sauƙinsa, ba ya maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu.

Akwai wani abu a cikin INVICTUS da ya fi tsaya mini a rai fiye da adadin mamatan. A farkon gwajin kusan ɗaya cikin uku ne kawai na masu shan wafarin lambarsu ke daidai, amma da aka riƙa duba su akai-akai sai suka kai kusan biyu cikin uku. A ɗaya ɓangaren kuma waɗanda suka daina shan sabon magani sun ninka na wafarin sau da yawa. Abin da ake kuka da shi game da wafarin, wato yawan zuwa asibiti, shi ne kuma ke sa idon ma'aikacin lafiya ya riƙa sauka a kan majinyaci kowane wata, a ga ƙafa ta fara kumbura, a ji bugu ya yi sauri, a gyara tun da wuri. A binciken REMEDY kuwa, inda babu wannan kulawar, ƙasa da kashi 30 cikin 100 na waɗanda aka gwada ne lambarsu ke daidai. Fahimtata ita ce matsalarmu da wafarin matsalar bin sawu ce, kuma bin sawu aiki ne da ɗa ko ƙane ko miji zai iya ɗauke wa majinyaci: kuɗin mota, kuɗin gwaji, da ɗan littafin da ake rubuta lambar kowane wata da adadin ƙwayar da aka ce a sha.

Wanda ke da mai shan wafarin a gida ya san cewa ba a hana shi zogale ko alayyahu ko rama ko kabeji ba, duk da suna ɗauke da bitamin K. Abin da ake so shi ne kada cinsu ya riƙa hawa da sauka, yau kwano guda na kwaɗon zogale, sai kuma a yi wata ba a taɓa ba. Kemis ɗin unguwa ya fi ganye haɗari. Flagyl da Septrin, waɗanda muke sha kamar gyaɗa da zarar ciki ya murɗa, suna iya cilla lambar sama har jini ya ɓalle. Ɗaya daga magungunan tarin fuka, rifamfisin, ƙasa yake jan ta. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak suna janyo zubar jini a ciki. Jiƙe-jiƙen gargajiya kuwa babu mai iya faɗa maka abin da ke cikin gorar balle yadda zai yi da wafarin. Ƙaho ma, duk da matsayinsa a wurinmu, tsaga ce da ke fitar da jini, don haka mai shan wannan magani ya nemi shawarar likitansa kafin ya zauna gaban wanzami. Idan an ga dasashi na jini, ko haɓo ya ƙi tsayawa, ko bayan gida ya yi baƙi ƙirin, asibiti za a nufa a ranar. Game da azumin Ramadan, wafarin sau ɗaya ake shan sa a yini, ana iya mayar da shi bayan buɗa baki a riƙe lokaci guda, a yi gwaji kafin watan ya kama da kuma tsakiyarsa tunda cimar gida na canjawa. Wanda zuciyarsa ta raunana har yana shan maganin fitar da ruwa, wannan mara lafiya ne da shari'a ta yi wa rangwame, kuma karɓar rangwamen ba tawaya ba ce a addininsa.

Inda al'amarin ya fi tsanani shi ne wajen 'yan uwanmu mata. Juna biyu na ƙara yawan jinin jiki da kusan rabi, yana kuma ƙara saurin bugu, ƙofar da ta tsuke kuwa ba ta iya ɗaukar wannan. Mata da yawa ba su san suna da ciwon ba sai cikin ya tsufa numfashi ya gagara. Ga shi wafarin na iya yi wa ɗan tayi illa, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, sababbin magungunan kuwa ba a ba mai ciki ko kaɗan, sai dai likita ya tsara lokacin da za a koma allurar hefarin. Don haka mace mai wannan larura tana buƙatar a shirya cikin tun kafin a same shi. A REMEDY, cikin matan da ke shekarun haihuwa, ƙasa da kashi 4 cikin 100 ne ke amfani da wata hanyar ba da tazara. Na san dalilin shirun: ana tsoron idan manemi ya ji zai gudu, idan dangin miji suka ji za a yi gori. Amma ɓoye irin wannan ga wanda zai aure ta jefa ta ne cikin haɗari, kuma mijin da likita ya ce wa a jinkirta ya ƙi, ya san amanar da ke wuyansa.

Idan ta kai ga gyara, akwai matakai. Ƙofar da ba ta taurare sosai ba ana iya buɗa ta da balan-balan da ake zurawa ta jijiyar cinya, ba sai an tsaga ƙirji ba, dabarar da likita ɗan Japan Kanji Inoue ya wallafa a 1984. Sai dai ba a yin ta idan akwai gudan jini kwance a ɗakin sama, wanda wannan ma wani dalili ne na riƙe wafarin da kyau. In kuwa sai an canja ƙofar, zaɓi biyu ne. Ta ƙarfe, wadda Albert Starr ya fara sanyawa cikin nasara a 1960, tana daɗewa shekaru masu yawa amma wafarin ya zama na har abada. Ta nama ba ta ɗaure mutum haka saboda ita kanta, amma takan lalace cikin shekara 10 zuwa 15, a jikin matashi ma ta fi saurin lalacewa, sai an sake wani aikin. Ita ta naman daga fatar da ke lulluɓe zuciyar saniya ake yin ta, ko kuma daga ƙofar zuciyar alade, kuma a nan ne mutanenmu ke ja da baya. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1985, ta halatta ɗaukar gaɓa daga dabbar da ake ci wadda aka yanka, ta kuma halatta daga waninta idan larura ta kama. Majinyaci na da damar ya tambayi likitan tiyata wace iri zai sanya, ya nemi ta saniya in akwai. Abin da bai kamata ba shi ne a fasa aikin da rai ya rataya a kansa saboda jita-jita.

Shi kansa aikin ba kowa ke kaiwa gare shi ba. An yi tiyatar buɗe zuciya ta farko a Najeriya a Inugu a 1974, amma har yau kuɗinta ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Cibiyar Salam da ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a Khartum a 2007 ta yi wa dubban 'yan Afirka aiki kyauta, yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023 kuwa ya toshe wa da yawa hanyar zuwa.

Akwai kuma abin da ke faruwa ranar da gudan jinin ya ɓalle. Dattijo idan ya faɗi, kowa na cewa hawan jini ne. Matashiya 'yar shekara 26 idan ta faɗi a banɗaki bakinta ya karkace, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne aljanu ko sammu, musamman in tana da kishiya. Sai a kwana uku ana hayaƙi da tofi. Addu'a ba ta taɓa hana zuwa asibiti ba, ana iya yin ta a cikin mota. Ƙwaƙwalwar da jini ya yanke mata kuwa mutuwa take yi minti bayan minti, maganin narkar da gudan jini a inda ake da shi cikin awa 4 da rabi na farko ake ba da shi, kuma sai hoton ƙwaƙwalwa ne ke bambance toshewa da fashewar jijiya, abin da ya sa ba a ɗura wa wanda ya faɗi asfirin a gida, balle mai shan wafarin. Banda asarar lokaci, ga zargin da ake ɗora wa baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba, zumunci ya lalace a kan abin da ya faro tun majinyaciyar na firamare.

Domin kuwa daga can ya faro. Wata ƙwayar cuta mai suna sitireptokokas ce ke kama maƙogwaron yaro, galibi ɗan shekara 5 zuwa 15, da zazzaɓi da zafin haɗiya. A wasu yaran, mako 2 zuwa 3 bayan an ga kamar an warke, sai garkuwar jiki ta rikice ta afka wa gaɓoɓi da zuciya. Gwiwa ta kumbura yau, gobe ta saki idon sawu ya ɗauka. Wasu yaran, musamman mata, sai hannu da fuska su riƙa fizga ba da son ransu ba, rubutu ya lalace, a ce iskoki ne. Ciwon gaɓoɓin yana wucewa, tabon ƙofar zuciya kuwa zama yake yi, kuma duk lokacin da ƙwayar ta dawo sai ya ƙaru, har bayan shekara 10 ko 20 ya fito da haki da karkarwa. Fenisilin na kwana 10, ko allura guda, idan aka ba da shi cikin kwana 9 da fara ciwon maƙogwaron, yana tare wannan duka. Mu kuwa idan yaro ya yi ta ciwon wuya, wanzami ake kira ya cire belu, an bar jaki ana dukan taiki. Wanda zazzaɓin ya riga ya taɓa, allurar fenisilin ce duk mako 3 ko 4 na tsawon shekaru, wani har ya kai 40, sai fa wanda ƙofarsa ta lalace ƙwarai, shi likita kan iya zaɓa masa na sha. A REMEDY kusan rabin majinyatan ba sa samun wannan kariya.

Cunkoson ɗaki da talauci su ne gonar wannan ƙwaya, shi ya sa ciwon ya ja baya a Turai tun da gidaje suka gyaru. Amma ba sai an yi arziki ake cin ƙarfinsa ba. A lardin Pinar del Rio na ƙasar Kuba, tsakanin 1986 da 1996, da rajistar majinyata da wayar da kan iyaye da malaman makaranta da wadata fenisilin, aka rage masu ciwon a cikin 'yan makaranta daga sama da 2 cikin 1,000 zuwa ƙasa da rabin ɗaya. A watan Mayun 2018 ma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙuduri a kan wannan ciwo, ƙasashenmu na cikin mambobinta.

A nan nake da ƙorafi a kan yadda muke ba da taimako. Idan aka sanya hoton yarinya a Facebook ana neman miliyoyi don a fitar da ita tiyata, mukan yi rububi, Allah Ya saka wa masu bayarwa. To bayan ta dawo fa? Ƙofar ƙarfen da aka tara mata kuɗi tana iya toshewa da gudan jini idan wafarin ya yanke ko gwaji ya gagara, kuma a lokacin babu hoto, babu mai tambaya. Ƙungiyoyinmu na matasa da kwamitocin masallatai suna iya riƙe sunayen masu adashe da masu karo-karon gyaran lasifika ba tare da an manta da kowa ba. Sunayen mutum biyar ko goma na unguwa masu allurar wata-wata ko gwajin INR, da yardarsu kuma cikin sirri, ba za su gagare su ba, a tura musu saƙon tunatarwa idan ranar ta matso, a biya wa wanda ba shi da hali kuɗin mota da na gwaji. Malaman Islamiyya kuma, waɗanda yara ke zaune gabansu kusan kullum, su ne za su fara lura da yaron da ke ɗingishi bayan ya yi ciwon wuya, su aika wa iyayensa a kai shi a saurari ƙirjinsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti.